RUWAN RINI DA KIFIN GULBI: AMSA GA MASUNCI DA MAI RINI

  

A wannan mako wasiƙu biyu ne suka zo mana a kan magana guda, amma kowace daga nata ɓangaren, shi ya sa na ga ya fi kyau in haɗa su in amsa gaba ɗaya.

Ta farko ta fito ne daga wani dattijo masunci a Argungu, wanda ya ce ɗansa ne ya rubuta masa. Ga abin da yake cewa: "Bayan gaisuwa mai yawa. A bazarar da ta wuce na ga ruwan wata kwata, yau shuɗi gobe ja, yana gangarawa cikin wani tafki da muke kamun tarwaɗa. Bayan 'yan kwanaki muka tarar da ƙananan kifaye sun taso, sun juya ciki sama. An ce mini ruwan masu rini ne. Shin rini yana kashe kifi? Wanda ya ci kifin kuma, zai cutu?"

Ta biyu kuwa daga wata baiwar Allah ce a Birnin Kebbi, mai rina shadda da yadi a cikin gida. Ta ce: "Maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai unguwa, wai ruwan rinina zai ɓata musu rijiya. Ni kuwa da wannan sana'a nake ciyar da marayu biyar. Ƙanena mai karatun kimiyya ya ce an ƙago wani abu kamar ƙaro, wai shi haidirojel, mai tsotse rini daga cikin ruwa. Don Allah ina ake sayar da shi, kuma nawa ne?"

To Baba masunci, da ke Malama mai rini, mun gode da wasiƙunku. Kowannenku yana da gaskiyarsa, domin kowa tukunyar gidansa yake karewa. Bari mu bi maganar daki-daki.

Da farko dai rini ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano, ana cewa tun shekarar 1498 ake aiki a cikinta. Amma rinin kakanninmu, da ganyen baba da toka ake haɗa shi a cikin rijiyar rini, a bar shi ya yi kwanaki ya nuna. Ko dattin da ya kwanta a ƙasan rijiyar ba a zubar da shi. Kwashe shi ake yi a busar a ƙone ya zama katsi, a mayar da shi cikin sabon haɗi, ko a yi laso da shi a shafe rijiyar rini da soraye don kada ruwa ya ratsa. Ka ga ke nan ruwan rini a karofi yake zaune, ba ya bin kwata.

Rinin da ake sayarwa yanzu a gwangwani ko a ƙulle cikin leda daban yake. Asalinsa daga Ingila ne, a shekarar 1856, lokacin da wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna William Perkin yake ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga sinadaran da ake samu a kwaltar kwal. Magani bai samu ba, sai ga wani launi mai kama da shunayya ya fito, ya kama siliki ya ƙi saki. Daga nan aka buɗe ƙofa. A shekarar 1897 kamfanin BASF na ƙasar Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda ya karya kasuwar baba a duniya. Wannan rini na zamani yana da sauri, yana da launuka iri-iri, kuma da gangan aka yi shi don kada rana ko sabulu ko gumi su kashe shi. To abin da ya sa yake da kyau a jikin shadda, shi ne kuma ya sa yake da naci a cikin ruwa. Cikin cokalin shayi ɗaya ya isa ya rine duro guda.

Yanzu Baba, ga amsar tambayarka. E, ruwan rini yana iya kashe kifi, ta hanyoyi uku. Ta farko, launin yana tare hasken rana, ciyayin cikin ruwa su kasa samar da iskar da kifi ke shaƙa. Ta biyu, ba rini kaɗai ke cikin wannan ruwa ba. Masu rinin shadda suna zuba soda mai ƙuna, wadda take cin fatar hannu, to yaya kake gani za ta yi wa ƙaramin kifi? Ta uku, akwai wani farin gari mai wari da ake kira haidiro, wanda aikinsa shi ne ya cinye iska don rini ya narke ya shiga zare. In ya faɗa tafki, aikin da ya saba shi zai yi, ya cinye iskar ruwan. A bazara kuwa ruwa ya ja baya, ya yi ɗumi, iskar cikinsa dama ta ragu. Shi ya sa a lokacin ne ka ga ɓarnar.

Amma Baba, kada mu ɗora wa masu rini laifin duka. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, sai dai masu tsamar da shi suna da yawa. Akwai manomin da ke wanke tankin feshin maganin ciyawa da na ƙwari a bakin tafki. Akwai kuma, in za mu faɗa wa juna gaskiya, wasu daga cikin masu su da kansu, waɗanda suka riƙa zuba guba irin su Gamalin 20 a ruwa don kifi ya taso su kwashe. Duk waɗannan suna kashe kifi, wasu ma sun fi rini saurin kisa.

Batun ci kuwa, shawarata a taƙaice take. Kifin da ya mutu da kansa a cikin ruwan da ya sauya launi, kada ka ci, kada ka ba iyali, kada ka banda shi ka kai kasuwa. Hayaƙi ba ya kashe guba. Tun a shekarar 1895 wani likita a birnin Frankfurt na Jamus, Ludwig Rehn, ya lura cewa ma'aikatan masana'antar rini suna yawan kamuwa da ciwon dajin mafitsara. Daga baya bincike ya tabbatar da cewa wasu nau'o'in rinin zamani, in suka ruɓe a cikin jiki ko a cikin laka, suna sakin sinadaran da ke jawo wannan ciwo. A shekarar 1994 Jamus ta hana amfani da irin waɗannan a tufafin da ke taɓa fata. Ba kowane rini ne haka ba, amma wanda ya sayi ƙulli a leda ba takarda ba suna, ta yaya zai bambance?

Wanda yake son ya ga inda wannan hanya take kaiwa, ya leƙa Kano. Ruwan masana'antun fata da masaƙu na Sharaɗa da Chalawa ya daɗe yana shiga kogin Chalawa, na Bompai kuma yana bi ta Getsi ya faɗa Jakara, ga manoman lambu suna ban ruwa da shi. Haka masaƙun Kakuri suka yi wa kogin Kaduna a zamanin da suke ganiyarsu. Mu a nan Kebbi ba mu da manyan masaƙu irin waɗannan, namu na baho ne da duro a bayan ɗaki. Amma baho ɗari in suka haɗu a kwata ɗaya, ai sun zama masana'anta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To Malama, mu dawo kan naki. Ƙanenki bai yi miki ƙarya ba, akwai wannan abu, kuma ina kyautata zaton kin taɓa riƙe shi a hannunki ba ki sani ba. Ƙunzugun jarirai na zamani da ake sayarwa a kanti, in kika farke shi za ki ga wani gari fari kamar sukari a cikin audugar. Shi ne yake shanye fitsari ya kumbura ya yi santsi kamar jiƙaƙƙen ƙaro. Wannan wani nau'i ne na haidirojel. Wasu masana biyu a tsohuwar ƙasar Chekoslobakiya, Otto Wichterle da Drahoslav Lim, su suka bayyana irinsa na farko a shekarar 1960, aka yi ɗan gilashin nan mai laushi da ake manna wa a ƙwayar ido da shi. A farkon shekarun 1970 kuma masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka suka haɗa wani daga sitacin masara, mai shan ruwan da ya ninka nauyinsa sau ɗaruruwa.

Yaya yake aiki? Baba masunci zai riga kowa ganewa. A ɗauka wata koma ce mai ƙananan idanu ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, an saƙa ta da dogayen zare an ƙuƙƙulle. In ta shiga ruwa sai ta buɗe ta kumbura, amma ba ta narkewa, saboda ƙulle-ƙullen sun riƙe ta. A jikin zaren kuma akwai ƙugiyoyi jere kamar na mamari. Ruwa yana shiga yana fita, amma ƙwayar rini in ta gifta sai ƙugiya ta cafke ta. Ƙugiyar nan ba ta ƙarfe ba ce, wani jan lantarki ne irin na kan batir da gindinsa. Wasu rinin suna ɗauke da irin na kai, wasu irin na gindi, kuma kishiya da kishiya ne suke manne wa juna. Masu iri ɗaya kuwa ture juna suke yi.

Da yake ni tsohon malamin makaranta ne, ba na iya jin abu ban gwada ba. Na ɗebo ruwa a kofin gilashi, na ɗiga maganin nan mai launin shunayya da ake shafa wa yara a gyambo, wanda ake kira Jibi, domin shi ma rini ne. Na barbaɗa ɗan garin ƙunzugu kaɗan, na ajiye. Da na dawo, sai na tarar ƙwayoyin sun kumbura sun yi duhu, ruwan kuma ya washe. Uwargida tana kallona tana dariya, wai na rasa aikin yi. Sai na ƙara gishirin miya a kai. Nan da nan abin ya motse, ya saki ruwan da ya sha. A wannan gishiri ne, Malama, amsar tambayarki take.

Galibin gwaje-gwajen da ake yi da haidirojel, a ɗakunan bincike na jami'o'i ake yinsu, da tsabtataccen ruwa da rini iri ɗaya tak. Ruwan bahonki kuwa ga soda, ga haidiro, wani rinin ma sai da gishiri mai yawa yake kamawa, ga launi uku ko huɗu a gauraye. Na biyu, kowane haidirojel da irin rinin da yake kamawa. Na cikin ƙunzugu yana kama irin su Jibi, amma yawancin rinin auduga da shadda jan lantarkinsu iri ɗaya ne da nasa, saboda haka ture su zai yi. Su sai wani daban, kamar wanda ake haɗawa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Na uku, shi ba ya kashe rini, kama shi kawai yake yi. In ya ƙoshi, sai an wanke shi da wasu sinadarai kafin a sake amfani da shi, ko kuma a san inda za a binne shi. Saboda haka dai har yanzu bai zama kayan kanti da mai rini za ta saya ta zuba a baho ba. Duk wanda ya zo miki da gari a leda ya ce shi ne, riƙe kuɗinki. Kuma ina roƙon jama'a, kada wani ya ji wannan bayani ya farke ƙunzugu ya zuba a randa ko rijiya. Ba don ruwan sha aka yi shi ba.

Sai dai akwai abin ƙarfafa gwiwa a ciki. Kayan da masana suke gwada haɗa shi da su, da yawansu namu ne na gida: sitacin rogo da na masara, da ƙaro, da zaren da ake cirowa daga buntun shinkafa. Mu kuwa buntu ba sai mun yi aro ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ban da ƙananan injinan casa da ke kowane gari. Ina kira ga malaman kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Waziri Umaru, da jami'ar jiha da ke Aliero, da su ɗebi ruwan rini na gaske daga bahon mata irin wannan baiwar Allah su yi gwajinsu da shi. Ranar da aka samu wanda ya yi aiki a ruwan Malama, a farashin da za ta iya, ranar ce binciken ya iso gida. Ƙanenki ma, ga aikin da zai rubuta a kai.

Kafin wannan rana ta zo, ga abin da za ki iya farawa gobe, da kayan da ke kasuwarku.

Ki nemi duro uku. A na farko ki riƙa tara ruwan rini mai kauri, kada ko kaɗan ya bi kwata. Ki motsa shi da sanda ranar farko don iska ta shige shi, sa'an nan ki bar shi a buɗe kwana biyu ko uku, inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Iska tana kashe ƙarfin haidiro, kuma irin rinin da ake haɗawa da haidiro, in ya sha iska sai ya koma gari ya kwanta a ƙasa. In kin jiƙa ɗan alif, ko dakakken ƙwallon zogale da aka ɓare, kika zuba kika motsa, zai taimaka wa dattin ya dunƙule ya yi saurin kwanciya.

Duro na biyu ki huda gindinsa, ki jera tsakuwa a ƙasa, yashi a kai, sa'an nan dakakken gawayi mai kauri a sama. Ki tsiyaye ruwan saman duro na farko a hankali ya bi ta cikinsa ya ɗiga a na uku. Gawayin murhu bai kai irin wanda ake gyarawa a masana'anta ƙarfi ba, amma yana rage launi. Da kin ga ruwa ya fara fitowa da launi, gawayin ya ƙoshi, sai ki sauya.

A nan ne nake son kowa ya buɗe kunne. Ruwan da ya washe ba shi ne ruwa mai lafiya ba. Launi ya tafi, amma ragowar soda da gishiri suna nan. Ba na sha ba ne, ba na alwala ko wanka ba ne, ba na dabbobi ba ne, ba kuma na lambu ba ne. Ki yi ɗaurayar farko ta wani rinin da shi, ko a kwaɓa ƙasar gini. In ya yi yawa, a yi masa rami mai nisan aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, kamar yadda ma'aikatan lafiya suke cewa a yi wa shadda ta bayan gida. Lakar da ta kwanta da tsohon gawayin kuma, ki busar ki binne a wuri mai tudu da aka daɓe da yumɓu, nesa da fadama. Kada a kai su gona a matsayin taki, kada a dafa abinci da gawayin. Duron da ya taɓa rini kuwa ya yi ban kwana da ruwan sha har abada.

Ki kuma kula da kanki, domin marayun nan ke suke kallo. Ki sa safar hannu ta roba. Ki ajiye haidiro a busasshen wuri a rufe, don in ya yi laima yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta. In soda ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa, sa'an nan a garzaya asibiti. Bayan kin kafa durorinki, ki gayyaci mai unguwa da maƙwabtan su zo su gani da idonsu. Ina tsammanin ƙarar za ta mutu a nan.

Ga hukuma kuma muna da magana. A shekarar 1988 aka jibge durorin guba daga Italiya a garin Koko, ba Kokonmu na nan Kebbi ba, na tsohuwar jihar Bendel. Wannan abin kunya ne ya sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a wannan shekarar, daga baya a 2007 aka kafa NESREA. Dokoki dai akwai su. Amma macen da ke rini a baho ba tara take buƙata ba, wuri take buƙata. Da ƙananan hukumomi za su ware wa masu rini fili guda nesa da gulbi, kamar karofin da, a gina musu tankunan tacewa na haɗin gwiwa, da an huta da kai ƙara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Baba, ku Kabawa kun riga kowa sanin wannan darasi. Tun kafin a san wata hukumar muhalli, Sarkin Ruwa yake tsare Matan Fada, a hana su a wurin har sai ranar biki, don kifi ya samu ya girma. Wannan tsari ne ya sa da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu a 1934 aka samu abin nuna masa, har a 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Wanda ya iya hana koma shiga ruwa, zai iya hana guba. Gulbin Rima kuwa ba ya tsayawa a iyakar kowa. Abin da aka zuba a Sakkwato zai wuce ta Argungu, na Argungu ya iske Birnin Kebbi, na Birnin Kebbi ya gangara har Kwara. Kowannenmu yana ƙasan wani, yana kuma saman wani. Mai rini da kifin Baba take miya, Baba kuma da shaddar da ta rina yake zuwa Idi.

To jama'a, lokaci ya ƙwace mana. Wanda ya gwada dabarar duro uku, ya rubuto mana ya faɗi yadda ta kasance, ko ta yi ko ba ta yi ba, domin wasu su ƙaru. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.